Kafin Ka Miƙa Fure, San Abin da Yake Faɗa

A Bobi, cikin ƙaramar hukumar Mariga ta masarautar Kontagora, fure ba abin nema ba ne. Gandun kiwon da ke nan ya kai kimanin hekta 30,000, kuma idan damina ta kankama ko'ina ka duba fure ne, shanu na tattaka shi. Duk da haka ba ka ganin makiyayi ya tsinko shi ya nufi gidan surukai. Mutumin karkara yana duban fure ne don ya san abin da ke tafe: na ɗorawa yana albishir da kalwa, na wake yana nuna ko rumbu zai cika. Irin wannan rashin kyautar fure ya ɗaure wa Jack Goody kai, wani masani ɗan Ingila da ya yi bincike a arewacin Gana, har ya fitar da littafi a 1993 yana tambayar dalilin da ya sa kyautar fure ba ta yi tushe a yawancin Afirka ba.

Yanzu kam waya ta kawo ta har ɗaka. Saurayi na tura hoton jan wardi ta WhatsApp, ko ya sayi na roba a shago. To, ina ma'anar ta samo asali?

A 1718 Lady Mary Wortley Montagu, matar jakadan Ingila a Istanbul, ta rubuta wasiƙa tana bayanin yadda Turkawa ke aika saƙon soyayya da fure da wasu ƙananan kayayyaki. Labarin ya burge Turawa. A 1819 aka buga wani littafi a Faransa, da sunan Charlotte de Latour, wanda ya raba wa kowane fure ma'anarsa, daga nan irin waɗannan littattafai suka yi ta fitowa a Ingila da Amurka, wani na saɓa wa wani. Wardi mai ruwan ɗorawa, alal misali, a da kishi yake nufi, yau kuwa abota. Jan wardi ne kaɗai kusan kowa ya yarda cewa so ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne, ma'anar ba ta tsallake iyakar ƙasa. Furen kirisantimam a Japan tambarin gidan sarauta ne, amma a Faransa shi ake kai wa kaburbura ranar 1 ga Nuwamba, don haka kai shi gidan biki abin kunya ne. A Rasha ƙirga ake yi: mai rai a ba shi uku ko biyar ko bakwai, biyu da huɗu na makoki ne. Farin fure amarya ke riƙewa a Turai, a Sin kuwa fari launin zaman makoki ne. Ɗalibanmu da 'yan kasuwa da ke zuwa waɗannan ƙasashe ya kamata su san wannan tun daga gida.

Ni dai ban yarda da masu cewa Bahaushe bai iya magana da kyauta ba. Ya iya, da goro yake yi. Akwai goron neman aure, goron gayyata, goron suna, goron Sallah, kowanne da saƙonsa, ba a kuma buƙatar littafi kafin a gane. Har launi muna da shi: a ce maka albishirinka, ka ce goro, a tambaye ka fari ko ja, ka ce fari. Nan cikin Jihar Neja ma, ɗan Laboji na ƙasar Nupe ya daɗe da suna a matsayin goron manya. Ga turare, ga lallen amarya, ga ƙwaryar nono da Bafulatana ke tarar baƙo da ita, ga tukuicin da ake ba ɗan aike don nuna an ji daɗin saƙo.

Ba laifi ba ne miƙa fure idan mai karɓa ya san karatunsa. Matar aure da ta saba ganinsa a fim za ta yi murna, tsohuwa kuwa sai ta juya shi ta tambaye ka ko magani ne. Saboda haka, malam, idan baƙon wata ƙasa za ka ba, tambayi ɗan ƙasar launi da adadi kafin ka biya kuɗi. Idan kuma gidan iyayen yarinya za a je a Bobi, a tura manya da ƙwaryar goro.