Yadda Ɓera Ya Zama Ma'aunin Allurar Riga-kafin Tarin Shiƙa

Tarin shiƙa yana daga cikin cututtukan da suka fi wahalar da jarirai. Yaro zai yi ta tari a jere ba hutawa, har numfashinsa ya sarƙe, sa'an nan ya ja iska da wata irin ƙara, sau da yawa kuma amai ya biyo baya. Wata ƙwayar bakteriya ce ke haddasa shi, wadda masana biyu na ƙasar Beljiyam, Jules Bordet da Octave Gengou, suka fara keɓewa a 1906. Amma gano ƙwayar bai wadatar ba, gama an daɗe ana haɗa allurai iri-iri ba tare da an san wadda ke da ƙarfi da wadda ba ta da amfani ba.

A 1932 ne waɗansu mata biyu, Pearl Kendrick da Grace Eldering, ma'aikatan ɗakin binciken lafiya na Jihar Michigan da ke garin Grand Rapids a Amurka, suka duƙufa a kan wannan aiki. Sun haɗa allura daga ƙwayoyin cutar da aka kashe, suka soma gwada ta a kan yara a 1934. Rahotonsu na farko ya nuna cewa cikin yara 712 da aka yi wa allurar, 4 kaɗai suka kamu, alhali cikin 880 da ba a yi wa ba, 45 suka kamu.

To, sai wata matsala ta taso. Ba shi yiwuwa duk sa'ad da kamfani ya haɗa sabon rukunin allura a ce sai an tara yara an jira shekaru kafin a san ingancinsa. A nan ne ɓera ya shigo. A 1947 Kendrick da abokan aikinta suka bayyana hanyar gwaji da fararen ɓerayen ɗakin bincike. Akan raba ɓerayen kashi-kashi, a ba kowane kashi allurar gwargwado dabam. Bayan kimanin mako biyu, sai a sa musu rayayyun ƙwayoyin cutar a cikin ƙwaƙwalwa, a zuba ido na waɗansu kwanaki 14, a ƙidaya waɗanda suka tsira. Daga nan a kwatanta da wata allura da aka ajiye ta zama mizani. Gwaje-gwajen da Majalisar Binciken Likitanci ta Ingila ta gudanar a shekarun 1950 sun tabbatar da cewa allurar da ta kare ɓeraye sosai, ita ce kuma ke kare yara. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki wannan gwaji a cikin ƙa'idodinta.

Abin da ke faruwa a jikin ɓeran shi ne, idan matattun ƙwayoyin suka shiga, garkuwar jiki takan ɗauke su tamkar abokan gaba. Waɗansu fararen ƙwayoyin jini sukan ƙera sinadaran da ke manne wa bakteriyar da dafinta, waɗansu kuma su riƙe kamanninta, ta yadda in ta sake dawowa da rai za ta tarar an shirya mata.

Da yake tsohuwar allurar takan jawo zazzaɓi da kumburi a wurin da aka yi ta, sai Japan ta fito da sabuwa a 1981, wadda ke ɗauke da 'yan sassan ƙwayar da aka tace kawai. Amurka ta koma gare ta gaba ɗaya a 1997. Amma daga baya aka lura kariyarta na saurin raguwa, har a 2012 aka sami masu cutar fiye da 48,000 a ƙasar. Binciken da Farfesa Kingston Mills ya jagoranta a kan ɓeraye a ƙasar Ayalan ya taimaka wajen gane dalili, watau tsohuwar allurar tana tayar da irin fararen ƙwayoyin jinin da ke kakkaɓe bakteriya daga huhu da hanci, ita kuwa sabuwar ta fi ƙarfi wajen samar da sinadaran da ke hana cutar tsananta.

Duk da haka ɓera ba mutum ba ne, ba ya ma yin tari irin na yaro. Don haka masu bincike a Amurka suka gwada a kan gwaggon biri, suka bayyana a 2013 cewa dabbar da aka yi wa sabuwar allurar ba ta kwanta ciwo ba, amma ta ɗauki ƙwayar har ta harbi 'yan uwanta. Ana kuma ta neman hanyar gwaji da za ta rage wa ɓeraye azaba.

A Nijeriya, allurar tarin shiƙa tana cikin haɗin nan mai kare cututtuka biyar da aka soma bayarwa a 2012, kuma irin ta cikakkiyar ƙwaya ce. Ana yi wa jariri ita sau uku, yana da mako 6, da 10, da 14. Ya kamata iyaye su sani cewa ɗan zazzaɓin da ke biyo bayanta yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma yaron da aka tsaya masa a allura ɗaya bai sami cikakkiyar kariya ba. Aikin masana ya ƙare a bakin kwalba, sauran kuma yana hannun uwa da uba, su kai yaro asibiti har sau ukun su cika.