Hannun Dama, Hannun Hagu da Gardamar Sarari

A shekarar 1768 masanin falsafar Jamus Immanuel Kant ya tsoma baki a gardamar Newton da Leibniz: shin sarari abu ne mai zaman kansa, kamar yadda Newton ya ce, ko kuwa dangantaka ce kawai tsakanin abubuwa, kamar yadda Leibniz ya ce? Hannu ya kafa hujja da shi. Dama da hagu tsawon yatsunsu ɗaya, tazarar gaɓoɓinsu ɗaya, amma safar hannun dama ba ta shiga hagu. Ya ce ko da hannu ɗaya tak ne farkon halitta, dole ya kasance dama ko hagu, don haka sararin ne ke rarrabe su.

A ganina hujjar ba ta kai inda ya nufa ba. Yanki harafin L daga takarda. Duk yadda ka jujjuya shi a kan tebur ba zai dace da hotonsa na madubi ba, amma da ka ɗaga ka kifa shi, sai ya dace. Masanin lissafi Möbius ya lura a 1827 cewa haka hannu zai yi da a ce sarari na da fuska ta huɗu. Magoya bayan Kant za su ce ai wannan ma sarari aka koma wa. Haka ne, sai dai sifarsa aka nuna, ba zaman kansa ba. Abin da ya fi takura mabiyan Leibniz shi ne gwajin masaniyar kimiyya Chien-Shiung Wu da aka wallafa a 1957, wanda ya nuna ruɓewar ƙwayar cobalt-60 tana bambanta dama da hagu.