Lam da amortisar: a auna kaya da hanya kafin a saya

Duk wanda ya tuƙa mota daga Agadas zuwa Anu Araran, tafiyar kilomita kamar 75, ya san ƙafafun mota suna shan wahala. A nan ne kamfanin SONICHAR, wanda aka kafa a 1975, ya soma ƙona gawayin ƙasa a 1981 domin bai wa ma'adinan uraniyom na Arlit da garuruwan jihar wutar lantarki. Hanyar Tawa zuwa Arlit, wadda aka shimfiɗa wajen 1980, ta ɗauki manyan motoci shekara da shekaru, har kwaltarta ta ci a wurare da dama. Wanda ya sauka daga kanta kuwa sai rairayi da duwatsu da gargada mai kama da kwanon rufi.

Abu biyu ne ke tsakanin mota da wannan wahala. Na farko ƙarfen da ke ɗaukar nauyi: ko dai lam, wato faifan ƙarfe da aka jera bisa juna kamar na bayan Hilux, ko kuwa resor mai murɗe kamar na ƙananan motoci. Na biyu amortisar, wanda a Kano ake ce wa shokazoba. Shi ba dako ne aikinsa ba. Mai ne a cikinsa da ke matsawa ta ƙananan ƙofofi, yana hana mota yin ta tsalle bayan ta faɗa rami. Idan ya mutu, taya ba ta zama ƙasa sosai, birki ya yi nisa, sitiyari ya ƙi bin hannu.

A kan gargada amortisar yana sama da ƙasa ba hutu, man ya yi zafi, ya yi kumfa, ƙarfinsa ya tafi. Don haka ne a shekarun 1950 wani injiniya Bafaranshe, De Carbon, ya fito da mai iskar gas a ciki, wadda ke danne man ta hana shi kumfa. Irinsa ya fi dacewa da mai doguwar tafiya a Abzin, ko da yake ya fi tsada. Mai zagayen cikin gari, na mai zalla ya ishe shi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙarin lam. Mai mota yakan sa makaniki ya ƙara faifai ɗaya ko biyu don ya riƙa ɗora buhuna. Bayan motar ya daina zaunawa, gaskiya ne, amma aksil da tayoyi da birki suna nan yadda suke. Nauyin da aka yarda mota ta ɗauka yana rubuce a takardarta, ƙarin ƙarfe kuwa ba ya sake shi. Sa'an nan idan ta dawo wayam, taurin ya koma dukan jikinta, har shasi ya tsage. Haka kuma idan an ɗaga mota aka bar mata gajeren amortisar, zai riƙa miƙewa har ƙarshe, kunnensa ya ɓalle.

Kafin a saya, a danna kusurwar mota da ƙarfi a saki. Idan ta taso ta tsaya, da sauran lafiya. Idan ta yi ta lilo, lokaci ya yi. A duba ko mai yana zuba a jikinsa, ko taya ta ci tudu da kwari. A canza biyu tare, hagu da dama, iri ɗaya, bisa lambar motar. Na hannu da ake kawowa daga waje, fenti ba ya nuna cikinsa, araha kuwa ba ta ado. Bayan an ɗaura sabon lam, a koma a ƙara matse ƙusoshin da ke riƙe shi bayan tafiyar farko.

Wannan magana ta shafi shugabannin ma'aikatu ma, domin motar ɗaukar marasa lafiya da ta karye tsakanin Cirozerin da Agadas, rai ne a cikinta. Madugu ba ya ɗora wa raƙumi kaya sai ya dubi nisan rijiya. Allah ya kiyaye hanya.