Porsche 911 ta farko: Me ya sa masu ita ke neman siririyar taya maimakon mai faɗi?

Idan kana buga Forza ko Gran Turismo, ka san yadda abin yake: ka zaɓi mota, ka danna sau biyu, ka sa mata manyan rim da tayoyi masu faɗi, ka fita tsere. A wasa ba ka asarar komai. A zahiri kuwa, wanda ya mallaki tsohuwar Porsche 911 ta shekarun 1960 ko farkon 1970 zai iya kashe kuɗi masu yawa a kan rim da taya, ya dawo gida da motar da ta fi da wahalar tuƙi, kuma darajarta ta ragu a kasuwa.

Lokacin da aka fara sayar da 911 a Jamus a 1964, tayarta 165 R15 ce, a kan rim na ƙarfe mai faɗin inci 4.5. Faɗin milimita 165 ke nan, wato bai kai na yawancin ƙananan motocin da ke yawo a titunanmu yau ba. A 1966 aka fito da 911S, ita ce ta fara zuwa da rim ɗin nan mai kama da fure mai ganye biyar, wanda kamfanin Otto Fuchs ya ƙera. Shi ma inci 4.5 ne faɗinsa. Sai a samfurin 1969, bayan an ƙara tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya da milimita 57, aka kuma ɗan buɗa bodin da ke saman taya, 911S ta samu rim mai inci 6 da taya 185/70 VR15. Carrera RS 2.7, wadda aka nuna a Faris a 1972, ta riƙe wannan a gaba, amma a baya aka ba ta rim mai inci 7 da taya 215/60 VR15.

Yanzu ɗauko kalkuletar wayarka, domin a nan sirrin yake.

A rubutun 185/70 R15, lambar farko faɗin taya ce a milimita. Ta biyu tsayin gefen taya ne, kashi 70 cikin ɗari na wancan faɗin. Ta ƙarshe girman rim ne a inci. Kashi 70 na 185 shi ne 129.5, ka ninka biyu saboda sama da ƙasa, ka samu 259, ka haɗa da inci 15, wato milimita 381. Tsayin tayar gaba ɗaya ya zama 640. Yi wa 215/60 irin wannan lissafin, za ka samu 639. Tsohuwar 165 R15 ba a rubuta mata lambar tsakiya ba, amma wajen 80 ce, kuma tana ba da kusan 645. Ka gani? Cikin shekara takwas injiniyoyin Porsche sun yi ta ƙara faɗi, amma tsayin tayar bai motsa da ya wuce milimita shida ba. Da gangan suka yi haka, domin giya da agogon gudu da tsayin motar daga ƙasa duk a kan wannan tsayin aka auna su.

To a ce wani ya ga 205/50 R15 a shago, ta burge shi don ta fi faɗi kuma za ta hau rim ɗinsa. Tsayinta 586 ne. Ta gaza ta asali da milimita 54. Agogo zai nuna masa 100 alhali yana tafiya wajen 92, injin zai riƙa juyawa fiye da kima a babban titi, motar ta ƙara kusantar ƙasa, sannan ga wani rami a saman taya da ke ɓata mata fasali.

Wannan ma mai sauƙi ne. Babbar matsalar tana kwana. Injin 911 a can bayan tayoyin baya yake, don haka wajen kashi 60 na nauyinta a baya yake. Siririyar taya mai dogon gefe takan ɗan lanƙwasa, ta fara zamewa a hankali, direba ya ji a hannunsa ya gyara. Tayar zamani mai faɗi da gajeren gefe tana riƙe kwalta sosai, sai dai ranar da za ta saki, lokaci ɗaya take saki. A motar da ba ta da ABS ko wata kwamfutar da ke gyara wa direba kuskure, wannan ba abin wasa ba ne. Kuma 911 ba ta samu sitiyari mai taimakon inji ba sai da samfurin 964 ya fito a 1989, saboda haka duk faɗin da ka ƙara a gaba, damtsenka ne zai biya.

Shi kansa rim ɗin yana da lambobi uku da za a duba: faɗi, tsarin noti, da ET. Notin 911 biyar ne a kan da'ira mai milimita 130, ana rubuta shi 5x130. ET kuwa shi ke nuna yadda rim zai shige ciki ko ya fito waje. Fuchs mai inci 6 da aka saba gani yana da ET36. In aka kuskure shi, taya ta goga bodi, ko ta ɗora wa bearin nauyin da ba nasa ba. Waɗannan lambobin a jikin rim ake buga su ta ciki, don haka kafin ka biya kuɗi a intanet, ka ce mai sayarwa ya turo hoton bayan rim ɗin, ba fuskarsa kaɗai ba. Fuchs na asali matse alminiyam aka yi da ƙarfi har ya ɗauki siffa, shi ya sa ba shi da nauyi kuma yakan lanƙwasa in ya daki rami. Yawancin na kwaikwayo masu araha narkarwa aka yi aka zuba, sun fi saurin tsagewa.

Abin daɗin shi ne ba sai ka nemo tsohuwar taya ba. Pirelli na ƙera Cinturato CN36, Michelin na ƙera XAS da XWX, da tsohon zane da tsohon girma amma da robar zamani. Wasu suna ɗauke da harafin N a gefe, alamar Porsche ta gwada su ta amince.

A guji taya "sabuwa" da ta shekara goma a sito. A gefen kowace taya akwai rubutun DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. In lambobin uku ne, an yi ta kafin 2000, sai dai a ajiye ta don kallo. Wannan dubawar da lissafin tsayin nan suna aiki a kan Corolla ko Golf ɗin gidanku ma, musamman in mai faci ya ce "wannan ma za ta shiga".