Igamar Aikatau A Hannun Kafili Take

'Yan mata ku matso. A Katsina, daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Marusa, da wuya a watse daga gidan biki ba a ji wata ta ce ejan zai kai ta Saudiyya aikatau ba.

To 'yar uwa, igamar da ake kwaɗaita miki da sunan kafili take ɗaure, wato mai gidan da ya ɗauko ki. Ko shekara 20 kika yi kina masa wanke-wanke ba za ta zama ta dindindin ba. Gyaran dokar 2021 da ya sauƙaƙa wa ma'aikata canza ubangida ma ya tsallake 'yan aikatau. Ta dindindin ɗin da aka fito da ita a 2019 kuwa, riyal 800,000 aka sa mata, ina ke ina su? Ran da kika fice masa daga gida ya kai ƙara, kin zama takari.