Daga Hadarin Gabas Zuwa Cikar Kogi: Abin Da Damina Ke Zuwa Da Shi A Kaduna

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin namu na wannan mako saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Bari in fara da wata tambaya. Ka taɓa lura daga wane ɓangare hadari yake taso mana a garin nan? Tambayi kowace tsohuwa a Unguwan Shanu ko Badarawa, za ta ce maka gabas. In ka ga gabas ta yi baƙi ƙirin da la'asar, to a kwashe shanya. Hadarin da ya haɗu a yamma sau da yawa ba namu ba ne, ya riga ya wuce mu.

Wannan abin da kakanninmu suka sani da ido, masana yanayi sun tabbatar da shi. A watannin damina akwai wani kaɗawar iska da ke tasowa daga gabashin Afirka, ya ratso Sudan da Chadi, ya bi ta kanmu, ya nufi Senegal. Duk bayan kwana 3 zuwa 5 sai wani ya biyo bayan wani, yana tafe da tarin hadari. Idan ya faɗa Tekun Atlantika ta wajen tsibiran Cape Verde, ya tarar ruwan teku ya yi ɗumi kamar digiri 26 ko 27, sai ya samu abinci. Wani ya mutu a hanya, wani kuma ya fara juyawa yana ƙara ƙarfi har iskarsa ta haura gudun kilomita 119 a awa ɗaya. Wannan ita ce mahaukaciyar guguwar da muke gani a labarai tana ɗaiɗaita Jamaika da Kuba da Haiti. Mafi yawan manyan guguwowin can daga nahiyarmu suke samo asali. Beryl, wadda ta ragargaji wani yanki na Grenada ta kuma shafi Jamaika a farkon Yulin 2024, daga gaɓar Afirka ta Yamma ta faro.

Wato dai iskar da ta yaye kwanon maƙwabcinka a Hayin Banki da wadda ke tumɓuke gidaje a tsibiran can, dangi ne. Tamu ƙaramar ce, tasu ta girma a teku.

Abin da ya sa na kawo maganar tsibiran shi ne wannan: su suna da kalanda. Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin guguwa ne, yaro ma ya sani. Kafin lokacin ana duba rufi, ana tanadin ruwa da fitila, kowa ya san makarantar da zai gudu in abu ya ɓaci. Mu ma fa muna da kalandar. Bazara, farkon damina, marka, kowanne da irin haɗarinsa, kuma a jere suke zuwa duk shekara. Amma duk shekara sai mu yi kamar baƙo ne ya yi mana dirar mikiya.

Mu ɗauko daga zafi. Maris da Afrilu a Kaduna ma'auni kan kai digiri 36, 37, wani lokaci ya wuce. Sai dai ni a ganina ranakun da suka fi wahala su ne na ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, lokacin da iska mai danshi ta fara shigowa daga kudu amma ruwa bai kankama ba. Jikin mutum da zufa yake sanyaya kansa, kuma zufar ba ta aiki sai ta bushe a fata. In iska ta cika da danshi, zufa ba ta bushewa, sai ka jiƙe sharkaf amma jikinka na ci gaba da ɗaukar zafi. Shi ya sa dare ke zama azaba a ɗaki mai rufin kwano babu silin, ga babu wuta.

Alamar da nake so kowa ya riƙe: in mutum yana cikin zafi sai ya fara sambatu, ko ya rikice, ko ya faɗi, jikinsa kamar garwashi, ba aljanu ba ne. A kai shi inuwa, a rage masa kaya, a kwarara masa ruwa a jiki ana fifita, a nufi asibiti. Kada a ɗura wa wanda bai cikin hayyacinsa ruwa a baki. Tsofaffi, jarirai, masu ciki, 'yan acaɓa da masu aikin gini su suka fi shiga wannan haɗari. Kuma kar a ɗauka wasa ne: a farkon Afrilun 2024 garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, cikin azumi, kuma an rasa rayuka a ƙasar. Lokacin zafi da ƙura kuma shi ne lokacin sanƙarau. Annobar 1996 ta kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya, akasari a Arewa. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, wannan ba na mai kemis ba ne.

Sai ruwan farko. Hadarin farkon damina ya fi zuwa da iska fiye da ruwa. Ƙasa ta gasu, iska mai zafi ta tashi sama da ƙarfi, ita kuma mai sanyi ta faɗo ƙasa ta bazu a gaban hadarin. Ita ce wannan iska mai jan ƙura da ke riga ruwa isowa da 'yan mintuna. Ita ke yaye kwano, ta karya reshen darbejiya, ta kayar da allon talla da turakun lantarki. Kwanon da iska ta ɗauko wuƙa ne a sama. In ta taso, ka shiga gini ka bar ɗaukar bidiyo. Masu gida kuma, Maris ne lokacin kiran kafinta ya duba ƙusoshi da katakon da gara ta ci, ba ranar da rabin rufin ya koma gidan maƙwabta ba.

Game da tsawa, ga lissafi mai sauƙi. Ƙara tana tafiyar kusan kilomita ɗaya a daƙiƙa 3. In ka ga walƙiya, ka ƙirga har ka ji rugugi. In bai kai 30 ba, tana cikin kilomita 10 daga inda kake, kuma za ta iya iso ka. 'Yan ƙwallon yamma, da ku nake. Na san wasa ya yi daɗi, ana ci ɗaya da ɗaya, amma fili buɗaɗɗe da gindin bishiya su ne wurare mafi muni. Cikin gini ko cikin mota a rufe ya fi.

To yanzu mu zo kan babbar maganar, ambaliya. A nan zan ɗan daɗe.

Kaduna na samun ruwan sama wajen milimita 1,200 a shekara, kuma kaso mafi tsoka yana sauka ne a Yuli, Agusta da Satumba. Ambaliya iri biyu ce ke damunmu, kuma mutane na haɗa su wuri guda alhali ba ɗaya ba ne.

Ta farko ita ce ta kwata. An yi ruwa mai ƙarfi na awa ɗaya ko biyu, lambatu ya cika, ruwa ya hau titi ya shiga shaguna da gidaje, bayan 'yan awanni ya janye. Wannan tana iya samun wanda ko ƙamshin kogi ba ya ji. Dalilinta a fili yake. Da can ruwa na samun fili ya nutse a ƙasa. Yanzu kowa ya yi gini ya shafe tsakar gida da siminti ko intalok, saboda haka kusan duk ɗigon da ya sauka sai ya fito titi. Ya fito kuma ya tarar da kwalbati cike da ledar fiya wata da robobin lemo. Mun san masu jiran a fara ruwa su juye bola a kwata wai ruwa ya tafi da ita. Ina zai kai ta? Gidan na ƙasa da kai.

Ta biyu ita ce ta kogi, kuma ita ce mai ban tsoro. Kogin Kaduna daga tsaunukan Filato yake tasowa, ya yi tafiyar kusan kilomita 550 kafin ya zuba a Kogin Neja. Kafin ya iso mu ya riga ya kwashi ruwan rafuka da dama, har da Galma da ke bi ta Zariya. Ma'anar wannan ita ce, ruwan da ke wucewa ta ƙarƙashin gadar da ke haɗa mu da kudancin gari ba na saman Kaduna kaɗai ba ne. Ana iya wuni rana tsaka a nan, ko ɗigo ba a yi ba, amma kogi na ta hauhawa saboda abin da aka tafka a sama jiya da shekaranjiya. Zuwa ƙarshen Agusta ƙasa ta ƙoshi, ba ta ƙara shan komai, duk abin da ya sauka kogi yake nufa. Shi ya sa cikar kan zo a ƙarshen Agusta zuwa Satumba, kuma sau da yawa cikin dare take shiga gidaje.

Manyanmu na tuna ta 2003. An sake yi a 2012, shekarar da ambaliya ta kashe mutum 363 a faɗin ƙasar nan ta raba sama da miliyan 2 da muhallinsu. Kuma sunayen unguwannin da ake kira kusan ba sa canjawa: Kigo Road, gefen Unguwan Rimi, Kabala, Rafin Guza, Bashama Road, sassan Malali da ke gangaren kogi. In wuri ɗaya ruwa ke shiga duk bayan 'yan shekaru, to ruwan ba ɓatan hanya ya yi ba. Makwancinsa ne. Kowane kogi yana da fadamar da yake baje kayansa in ya cika, mu ne muka yanka ta fuloti-fuloti.

Wata shekara na je taya wani abokina kwashe kaya a irin waɗannan unguwanni. Mahaifinsa ya sayi filin da rani, wurin a bushe ƙayau, dillali ya rantse masa ruwa bai taɓa zuwa nan ba. Da muka isa da asuba ruwa ya kai mana ƙugu a falo. Katifa da buhun shinkafa ba su ne suka sa shi hawaye ba. Takardun makarantarsa ne, daga na firamare har na jami'a, suna cikin akwati a ƙarƙashin gado. Tun daga ranar nake ce wa duk mai neman fili ko haya: ka je ka ga wurin a watan Agusta. Ka dubi jikin katangun maƙwabta, ruwa yana barin zane. Ka tambayi mai shayin unguwar, ba dillali ba.

Wani abu kuma da ke yawo a WhatsApp duk shekara: wai Kamaru ta saki ruwa, Kaduna a yi hattara. Madatsar Lagdo a kan Kogin Binuwai take. Ruwanta yana bi ta Adamawa, Taraba, Binuwai, ya sauka Lokoja. Ba shi da hanyar hawowa Kaduna. Madatsar Shiroro ma da ke kan koginmu, a ƙasa da mu take, cikin Jihar Neja. Namu ruwan daga sama yake zuwa, ta Filato da gabashin jihar nan. Ka daina kallon Kamaru, ka kalli kogin da ke bayan gidanka.

Kuma ba a ce babu gargaɗi ba. NiMet na fitar da hasashen damina tun farkon shekara, NIHSA na fitar da jerin wuraren da ke cikin haɗarin ambaliya kafin ruwa ya kankama, ga NEMA da hukumar agajin gaggawa ta jiha. Matsalar ita ce gargaɗin yakan tsaya a taron Abuja da Turanci, bai isa zauren mai unguwa ba. A nan ne nake ganin aikinmu yake, mu masu waya a hannu. Fassara shi, kai shi masallaci da coci da majalisa. A kuma faɗi gaskiya: cewa mutum “ka tashi” ba tare da an nuna masa inda zai koma ba, ba gargaɗi ba ne cikakke. Akasarin masu zama a bakin kogi ba son kallon ruwa ya kai su ba, kuɗin haya ne. Dole a riƙa tambayar hukuma wace makaranta ko wane fili aka tanada, tun kafin Agusta. Abin da ya faru a Maiduguri a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, da na Mokwa a ƙarshen Mayun 2025, duk sun nuna yadda ruwa ke samun mutane suna barci.

In kana zaune a irin wuraren nan, ga abin da za ka iya yi da kanka. Takardu a leda mai kauri, a ɗora a sama, ka kuma ɗauki hotonsu a waya. Ku kafa alama a bakin kogi, ko sanda ko wani dutse, matasan layi su riƙa dubawa da dare a lokacin marka, a kuma yi yarjejeniya cewa in ruwa ya kai nan, mata da yara da tsofaffi sun fita. In ruwa ya fara shigowa, a kashe wuta daga mita kafin a taka shi. Lambar gaggawa 112 ce.

Kada ka raina ruwa mai gudu. Wanda ya kai santimita 15, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babban mutum. Santimita 30 na iya ɗaga ƙaramar mota, balle Keke Napep. Ga shi ruwan ja ne, ba ka ganin inda kwalbati ya buɗe baki. Yara kuma da ke wanka a kwata in an ɗauke ruwa, duk wanda ya gan su ya kore su, ko ba 'ya'yansa ba ne.

Janyewar ruwa ba ita ce ƙarshen magana ba. Ambaliya na haɗa masai da rijiya, daga nan sai amai da gudawa. A tafasa ruwan sha ko a sa masa sinadarin kulorin. In gudawa ta kama mutum kuma babu ƙullin ORS a kusa, a samu ruwa mai tsabta lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba shi ana hanyar asibiti. Sauro kuma kwana 10 kacal ko ƙasa da haka yake buƙata a ruwan da ya kwanta kafin ya zama mai cizo, saboda haka tsohuwar taya da gwangwanin da ke bayan ɗaki a kifar da su. In masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na yara 'yan ƙasa da shekara 5 suka ƙwanƙwasa ƙofa da damina, a buɗe musu. Katangar ƙasa da ta sha ruwa ma takan faɗi kwanaki bayan an ɗauke, don haka in ta tsage ko ta kumbura daga ƙasa, kada kowa ya kwana a gindinta.

Ku rubuto mana sunan layinku da kwalbatin da ya fi toshewa, da hoto in da hali. Za mu haɗa jerin mu ga inda za a fara yashewa kafin marka. Sai mun haɗu a shiri na gaba.