Wa ke ƙirga waɗanda ba sa son a gan su?

Maganar yau tana da nauyi a baki, amma ku daure mu kai ƙarshe.

A shekarun 1970, masana daga Libaful ta Ingila da ABU Zariya sun yi wani babban binciken lafiya a Malumfashi. Sun bi ƙauyuka suna nazarin tsargiya, zazzaɓin cizon sauro da saran maciji. Aikin ya yiwu ne saboda manomi ba ya ɓoye cewa kububuwa ta sare shi. To amma wanda rayuwarsa kanta yake ɓoyewa fa?

Ina nufin maza masu neman maza, da wasu cikin 'yan daudu. Na ce wasu, domin ba kowane ɗan daudu mai sayar da abinci a tasha ne ke wannan harka ba. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da HIV. A wajen maza masu neman maza kuwa, binciken gwamnati na 2014 ya samu kusan kashi 23. Ku duba wannan tazarar.

Ta yaya aka kai gare su? Ba likita mai farar riga ne ya shiga lungu da takarda ba, da ba wanda zai tsaya masa. A binciken TRUST da aka fara a Abuja a 2013, ƙungiyarsu ce ta haɗa hannu da masana. Wanda ya zo gwaji sai a ba shi 'yan katuna ya miƙa wa abokan da suka yarda da shi, su ma su kawo wasu.

Ana cikin haka, a Janairun 2014 Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi: ɗaurin shekara 14, mai tallafa wa ƙungiyoyinsu kuma 10. Da yake binciken na tafiya, sai aka ga tasirin da ido. Masu tsoron zuwa asibiti sun tashi daga kashi 25 zuwa 38.

Na san wani zai ce, ina ruwanmu? Matsayin addini da doka a jihar Katsina sananne ne, ba shi muke tattaunawa ba. Sai dai Funtuwa mahaɗa ce, motocin masara da auduga na fita Zariya, Gusau da Katsina kullum, mutane na cuɗanya. Da yawa cikin mazan nan suna da mata a gida. Wanda ya tsaya kan maganinsa har ƙwayar ta daina bayyana a gwaji, ba ya saka wa matarsa ta hanyar saduwa. Wanda tsoro ya hana shi karɓar magani, ita ce ke kwasa, wani lokaci har da jaririn da ke cikinta.